Dashen haƙori a Kano: abincin da ake kauce wa har ƙashi ya kama

Wanda za a yi wa dashen haƙori yakan tanadi kuɗi, ya kuma daure zuciyarsa saboda allura da ƙarar injin da ke huda ƙashi, amma da wuya ka ga ya tsara abin da zai ci. Haƙorin turmi guda na ƙasa aka dasa mini, kuma abin da na gani shi ne aikin likita a kan kujera bai cika wuce awa ɗaya ko biyu ba. Sauran aikin, na wata 3 zuwa 6, yana hannun mai haƙorin da mai dafa masa abinci. Cimarmu ta Kano kuwa, in ka bi ta ɗaya bayan ɗaya, wadda ba ta buƙatar tauna mai ƙarfi za ka tarar tana da yaji, wadda ba ta da yaji kuma da tururinta ake son ta.

Sai mutum ya san abin da aka sa masa a baki kafin ya gane dalilin kowane hani. Ƙusa ce mai murɗi ta ƙarfen titaniyam, kaurinta galibi milimita 3.5 zuwa 5, tsawonta milimita 8 zuwa 13, gwargwadon ƙashin da hoto ya nuna. Likita zai tsaga dasashi, ya huda ƙashin muƙamuƙi a hankali yana sauya bakin inji daga siriri zuwa mai kauri, ruwan gishiri na ta zuba a kai, domin ƙashi in ya ɗauki zafin digiri 47 na minti ɗaya ƙwayoyinsa mutuwa suke yi. Sannan ya murɗa ƙusar ya rufe. Rufin iri biyu ne. Ko dai a ɗinke dasashi a kanta baki ɗaya ba a ganin komai, ko a ɗaura mata wata 'yar hular ƙarfe da ke leƙowa sama, a ɗinke naman a kewayenta. Nawa mai hula ne, kuma mai irin wannan ya fi buƙatar kula, tunda duk abin da ya daki hular ƙusar ya daka.

Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya lura a 1952 cewa ƙashin zomo ya manne da titaniyam har ƙarfen ya ƙi fita, a 1965 kuma ya yi wa mutum na farko dashe. Duk aikin a kan wannan mannewar ya dogara, ita kuwa tana da sharaɗi guda: kada ƙusar ta motsa. Motsin da ya wuce kusan maikiron 150, wato bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, in yana maimaituwa, ya isa ya sa jiki ya naɗe ƙusar da tsoka mai laushi maimakon ƙashi. In haka ta faru sai cirewa. Ƙarfin cizon babban mutum a kan turame kuwa yana iya haura kilo 50.

Ga abin da na fi so mai karatu ya riƙe. A ranar dashe ƙusar na tsaye ne da matsin murɗin da likita ya yi. Daga nan jiki zai fara narkar da tsohon ƙashin da ya matse ta don ya gina sabo, kuma narkewar tana riga ginin. Saboda haka tsakanin mako na 2 da na 4 ƙusar ta fi kowane lokaci rauni. A daidai lokacin ne kuma kumburi ya sace, an cire zaren ɗinki, ciwo ya tafi, mutum ya ji garau ya nufi wajen mai tsire. Duk magini ya san ba a ɗora wa kankare kaya don samansa ya bushe. Mutane suna kiyayewa a kwanakin ciwo ba sai an roƙe su ba, ɓarnar a kwanakin jin daɗi take aukuwa.

A ci abinci sosai kafin a tafi, in dai allurar kashe wuri kaɗai za a yi. In za a sa mutum barci, likita zai faɗi awannin da za a bar ciki ba komai, a bi maganarsa. Bayan an gama za a ɗora auduga a kan wurin, a ce ka cije minti 30 zuwa 45. Leɓe da harshe da kunci za su kasance a mace awa 2 zuwa 4. A wannan tsakanin ba a cin komai sai kurɓar ruwa. Mai bakin da ya mutu zai tauna kuncinsa har jini bai sani ba, zai kurɓi shayin da zai sale masa baki bai ji ba.

Awa 24 na farko na gudan jini ne. Jinin da ya daskare a bakin rauni shi ne murfinsa, kuma a cikinsa sabon nama ke fara tsirowa. Abu uku ke tumɓuke shi: zafi, tsotso, da kurkura mai ƙarfi. Zafi yana buɗe jijiyoyi jini ya dawo, don haka ba shayi, ba koko mai tururi, ba farfesu. Wannan na ƙarshe sai an dage, domin a gidajenmu farfesun kaza shi ne abin da ake tarbar marar lafiya da shi, ga zafi ga masoro ga attaruhu. Tsotso kuwa ya fi yawa a rayuwarmu fiye da yadda muke zato. Takardar da asibiti ke bayarwa takan ambaci bututun shan lemo kawai, amma mu ruwan leda muke sha, a ɓula da haƙori a zuƙa, kuma zuƙar ɗaya ce da ta bututu. A yanka ledar a juye a kofi. Haka lemon zaƙi da ake fere masa kai a tsotse, haka ƙanƙarar zoɓo ko ta kunun aya a leda, haka ɓargo, haka rake. Tofar da yawu da ƙarfi ma yana cikin lissafi. In yawu ya taru da ɗanɗanon jini, a sunkuya a bar shi ya zubo da kansa, ko a goge da tsumma mai tsabta.

Alwala tana zuwa sau biyar a cikin waɗannan awanni, shi ya sa nake ambatonta. A mazhabar Malikiyya kurkurar baki sunna ce, ba farilla ba. Abin da na yi shi ne in sa ruwa kaɗan, in karkata kai hagu da dama ba tare da kumbura kumatu ba, in buɗe baki ya zube. Asuwaki kada ya kusanci wurin. Wanda aka yi wa dashe a sama tare da ɗaga ramin hanci, wato kogon da ke bisa turamen sama, shi da shaƙa ruwa da fyace majina da ƙarfi sai likita ya ba da izini, yawanci bayan mako 2.

Abin da ake ci a wannan rana mai sanyi ne ko mai ɗumin da ba ya ƙona bayan hannu, kuma da cokali. Kunun gyaɗa da aka tace, ba ƙwayar shinkafa, ba tsamiya, ba lemon tsami, a bar shi ya huce. Koko daga gasarar da ba a niƙa ta da citta da barkono da kanumfari ba, wannan kuwa sai a gida, don na masu sayarwa da kayan yajinsa yake zuwa. Yogot marar sukari. Ayaba da aka murƙushe. Gwanda nunanniya. Ƙwai da aka kaɗa aka dafa da laushi, ba albasa. In jini ya ƙi tsayawa, a jiƙa jakar ganyen shayi da ruwan sanyi, a matse, a cije ta minti 30. Sinadarin da ke sa shayi ɗaci-ɗaci yana taimaka wa jini ya daskare.

Kumburi yakan kai ƙarshensa a kwana na 2 zuwa na 3, baki ma ba ya buɗuwa sosai. Ƙanƙara a cikin tawul a kan kunci, minti 20 a ɗora minti 20 a sauke, tana amfani a ranar farko da ta biyu. Daga bayan awa 24 ake fara ruwan gishiri: rabin ƙaramin cokali a kofi guda na ruwa mai ɗumi, bayan kowane cin abinci, a hankali.

A nan ne tuwo ke nuna ranarsa. Bahaushe ba ya tauna tuwo, haɗiye shi yake yi, kuma wannan ɗabi'a ita ce babbar garkuwar mai dashe. Tuwon shinkafa da aka tuƙa da laushi, ko na masara ko na dawa daga garin da aka tankaɗe sosai, loma ƙanana, a sa ta ɓangaren da ba a taɓa ba, miya ta raka ta. Miyar kuka ta fi kowace dacewa, tana da santsi kuma ba ta da ƙwaya. Busasshiyar kuɓewa da aka daka lukui tana biye da ita. Ɗanyar kuɓewa a dakata da ita saboda 'ya'yanta. Miyar taushe a dafa kabewar ta narke, a niƙa gyaɗar sosai, alayyahun a yanka ƙanana ya dahu lugub, a rage yakuwa saboda tsami. A kowace miya a ɗebi ta mai jinya kafin a zuba attaruhu, daddawa kuma a daka ta da kyau. In da busasshen kifi ne a tsince shi da hannu a tace romon, ƙaya guda ta isa ta shige ƙarƙashin ɗinki. Ɗumame babu laifi in ya yi laushi ya huce. Ƙanzo kuwa a bar wa yara.

Bayan tuwo akwai alala marar barkono, faten dankalin turawa, dankalin Hausa da aka dafa aka murƙushe da manja kaɗan, faten wake da aka surfe aka cire ɓawo, taliya da ta dahu sosai. Awara a ci ta dafaffiya a cikin miya, kada a soya, don soyayyiyar tana da ɓawo mai kaifi. Waina a cire gefenta mai ƙamas, a jiƙa tsakiyar a miya. Ƙosai da funkaso su jira mako guda. Ɗanwake ana haɗiyarsa, amma yana da danƙo kuma daɗinsa a yaji yake, don haka shi ma bayan mako, a yayyanka ƙanana, da mai kawai.

Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne abinci mai ɓarɓashi, domin ba shi da tauri, sai a ɗauka ba shi da laifi. Riɗi, garin ƙuli, dambun shinkafa ko na masara, tsakin gero da ke kwanciya a ƙasan fura, dusar aya a kunun da ba a tace da kyau ba, 'ya'yan gwaiba da na tumatir, ɓawon gugguru. Tsakanin zare da zare akwai 'yan ƙofofi, kewayen hular ƙarfe ma akwai rata, tunda naman bai riga ya kama ta ba. Ƙwayar riɗi guda in ta shiga nan harshe ba zai iya fito da ita ba. Za ta kwana, ta ruɓe, wurin ya yi ja ya fara wari. Daga nan hannu zai kai ga tsinken sakace, tsinken kuma ya yaga abin da aka ɗinke. Wanda ƙashinsa bai isa ba har aka cike masa da garin ƙashi lamarinsa ya fi tsanani, don ƙwayoyin cuta in suka kai ga garin, dukansa yana iya lalacewa. Wannan ne ya fitar da gurasa bandashe daga lissafi duk da laushinta, haka kwaɗon zogale da na rama. In abu ya maƙale, ruwan gishiri ne maganinsa, a karkata kai ya kwanta a kan wurin, a maimaita. In ya ƙi fita a koma asibiti su wanke da sirinji, aikin minti biyar ne.

Shinkafa dafa-duka ko da miya, ni na bar ta har aka cire zare, ko da yake wasu likitocin suna yarda da mai laushi bayan 'yan kwanaki. Matsalarta biyu ce: ƙwayar tana shiga rata, sannan tsakuwa. Shinkafa 'yar gida da waken da ake auna wa a kwano ba a rasa tsakuwa a cikinsu, kuma tsakuwa ba ta sallama, mutum na tauna da cikakken ƙarfinsa zai ci karo da ita. Duk tsawon watannin jinya a rege shinkafa a tsince wake sau biyu.

Sai masu zare-zare. Kilishi, dambun nama, ganda, naman sa da bai dahu ba, mangwaro mai gashi. Waɗannan suna naɗe zaren ɗinki, in aka ja su sai ƙullin ya kwance. Kilishi ya haɗa duk laifuffuka a jikinsa: tauri, kaifin gefe, ƙuli, yaji, ga shi sai an fizge shi da haƙori. Tsire da balangu ba su fi shi da yawa ba. Ko an ce za a tauna a ɗaya ɓangaren, nama mai tauri yawo yake a baki, harshe ne ke juya shi, ba ya neman shawarar kowa.

Yaji da tsami ba sa motsa ƙusa, amma suna ƙona ɗanyen nama, su ƙara kumburi, su sa mutum ya kasa wanke wurin saboda raɗaɗi. Zoɓo, tsamiya, lemon tsami, abarba, lemon kwalba mai gas, duk a dakata da su mako guda zuwa kwana 10. Zoɓo yana da ƙarin illa, launinsa yana ɓoye jini, ba za ka gane ko rauni ne ke tsiyaya ba. Kanumfari da muke dannawa a kan haƙori mai ciwo, da tafarnuwa, da duk wani gari ko tsimi da za a kawo da kyakkyawar niyya, kada a ɗora su a kan ɗinki. Man kanumfari yana sale dasashi lafiyayye ma, balle yankakke.

Fura da nono tana buƙatar bayani a tsanake, don ita ce abin da kowa zai fara kawowa, kuma a ido ta dace: sanyi, ruwa-ruwa, ƙosarwa. Furar tana da citta da barkono da kanumfari, tana da tsaki. Nonon da ake tallansa a ƙwarya kuwa ba kullum ake tafasa madarar kafin ta kwana ba, kuma ba ka da masaniyar ruwan da aka sirka shi da shi. Ɗanyar madara tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta, ciki har da na tarin fuka na shanu. Mai buɗaɗɗen rauni a baki, wanda ke shan maganin da ya riga ya dama masa ciki, ba ya buƙatar wannan caca. Hanyar da ta yi mini ita ce yogot na kamfani da aka dafa madararsa, ko kindirmon da aka yi a gida daga tafasasshiyar madara, a dama fura marar yaji a bilenda, a tace da rariya mai laushi, a sha da kofi. Madara ba ta hana amoksisilin aiki. Amma in an rubuta wa mutum sifirofuloksasin ko doksisaikilin, a bar awa 2 ko fiye tsakaninsu da madara, don sinadarin kalsiyam yana kama su ya hana hanji tsotse su.

Tunda an zo kan magani: ibufurofen ba a shan sa da yunwa, ko kunu ne a fara sha. Asfirin yana tsinka jini, kada a saya don ciwo, amma wanda likitan zuciya ya ɗora a kai kada ya daina da kansa, ya dai gaya wa likitan haƙori tun kafin aiki. Metironidazol, wanda aka fi sani da Flagyl, ba ya haɗuwa da barasa ko kaɗan. Ruwan kurkure baki na kulohekzidin, sau biyu a rana na mako 1 zuwa 2, a bar minti 30 tsakaninsa da man goge baki, kada kuma a ci komai minti 30 bayansa. Yana rina haƙori, shayi da kofi da goro kuma suna ƙara rinin.

Kuskuren da ke ɗaya gefen shi ne yunwa. Mutum ya ji tsoro ya koma kunu safe, kunu rana, kunu dare, wato sitaci da sukari zalla. Nama da ƙashi ba sa ginuwa da wannan. Mai warkar da rauni yana buƙatar furotin kusan giram 1.2 zuwa 1.5 a kowane kilo na nauyinsa, wato mai kilo 70 yana neman giram 84 zuwa 105 a yini. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kawai, ka ga sai an haɗa da wake, awara, yogot, kifi, da nama. Ba a hana nama ba, taunarsa aka hana. A dafa kaza ko naman rago har ya rabu da ƙashi, a niƙa a bilenda da romonsa, a juye a miyar kuka. Ɗanyen kifi mai tsoka, irin tarwaɗa, a dafa a cire ƙaya da hannu. Hanta a dafa a murƙushe. Bitamin C, wanda jiki ke buƙata don haɗa sabon nama, ana samunsa a gwanda ba tare da tsami ba, gwaiba kuma a niƙa a tace. Zuwa ɗaya kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa, ko Yankaba don kabewa da ganye, kafin ranar aiki, ya fi aiken yaro kullum. A lokacin bazara ruwa ma sai an tuna da shi, don mai ciwon baki yakan rage sha, busasshen baki kuma ba ya warkewa da wuri.

Mai ciwon sukari shi ne ya fi shiga tsaka mai wuya, domin kusan duk abinci mai laushi da muke da shi yana ɗaga sukari da sauri: kunu, tuwon shinkafa, dankali, ayaba. Sukari in ya hau, rauni yana jinkirin rufewa, ƙwayoyin cuta suna samun wurin zama. Ya jingina da ƙwai, alala, awara, kifi, yogot marar sukari da miyar ganye, ya rage girman malmala, ya riƙa awo a gida fiye da yadda ya saba. Kuma kada ya sha maganin sukarinsa ko ya yi allura sannan ya kasa cin abinci saboda ciwo. Wannan magana ce da za a gama da likita kafin a hau kujera.

Taba ba abinci ba ce, amma ta baki take bi, kuma ta fi duk abin da na lissafa ɓarna. Nikotin yana tsuke ƙananan jijiyoyin da ke kai wa ƙashi jini, zuƙar tana jan gudan jini, hayaƙin yana da zafi. Faɗuwar dashe a wajen masu shan sigari ta kai kusan ninki biyu na waɗanda ba sa sha. Shisha ba ta fi ta sauƙi ba, haka tabar da ake cusawa a leɓe.

Ana cire zare tsakanin kwana 7 da 14. Daga nan zafi da yaji da tsami suna dawowa a hankali, shinkafa ta dawo, ƙosai ya dawo, nama mai laushi a yanka ƙanana da wuƙa a tauna a ɗaya ɓangaren. Abin da bai dawo ba shi ne duk abin da ke ƙara in an cije shi. Goro, ƙuli-ƙuli, soyayyiyar gyaɗa, busasshiyar aya, goruba, busasshen dabino, gasasshiyar masara, cincin, ƙashin kaza, guringuntsi, ƙanƙara. Da kuma masu danƙo, cingam, alawa, nakiya, waɗanda ke kama hular ƙarfe su yi ta jan ta har murɗinta ya sassauta. In hular ta kwance ko ta faɗo, a adana ta a koma asibiti a ranar ko washegari, don dasashi yana rufe ramin da sauri.

Goro na ware shi saboda ba yunwa ke sa a ci shi ba, zumunci ne. A ɗaurin aure za a miƙo, a suna za a miƙo, dattijo zai ɓara ya ba ka rabi. Karɓa ba ta cutar da kowa, a karɓa da hannu biyu a sa a aljihu. In an matsa, “Baba, a yi mini afuwa, aiki aka yi mini a baki, likita ya hana ni tauna” ta wadatar, ban ga wanda ya ji haushinta ba. Wanda ya saba da goro kullum zai yi ciwon kai na 'yan kwanaki saboda rashin sinadarin kafeyin da ke cikin goron, shayi mai ɗumi-ɗumi bayan kwana biyun farko yana rage shi. Wasu sukan goge goron a magogi su zuba a baki, to ya koma ɓarɓashi, sai bayan rauni ya rufe.

Wanda ke da zaɓin lokaci ya duba kalanda. Ban ga hikimar yin dashe ana saura mako biyu Babbar Salla ba, don makon raunin ƙusa zai faɗo daidai lokacin da gida ya cika da soyayyen naman layya, wanda ake soyawa ya bushe ƙarau don ya daɗe. A azumi kuma magani mai sau uku a yini ba ya tsaruwa, baki yana wuni a bushe, ga buɗa-baki da dabino da ƙosai da kunun tsamiya mai zafi. In dole ce ta sa, a jiƙa dabino a cire ƙwallon a murƙushe, a kuma nemi likita ya tsara magani tsakanin magariba da sahur.

Muƙamuƙin ƙasa yakan kama a kusan wata 3, na sama, da yake ƙashinsa ya fi taushi, wata 4 zuwa 6, in an ƙara ƙashi ma ya fi haka. Ba jin daɗin baki ke yanke wannan hukunci ba, hoto ne da gwajin likita. Wanda aka rufe tasa ƙusar da nama za a sake ɗan tsaga wurin a ɗaura hula, ya koma abinci mai laushi na 'yan kwanaki. A duk tsawon wannan lokaci akwai alamomin da ba a jira da su: jinin da ya ƙi tsayawa bayan an danne, kumburin da ke ƙaruwa bayan kwana na 3, mugunya ko ɗanɗano mai wari, zazzaɓi, leɓe ko haɓa da suka kwana a mace, ko jin ƙusar tana motsi. A Kano akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano in ba a samu likitan da ya yi aikin ba, amma shi ya fi dacewa a fara nema, tunda ya san samfurin ƙusar da ya sa kuma yana da makullin da ya dace da ita.

Bayan ƙashi ya kama an ɗora haƙorin kansa a kan ƙusar ana cin tsire, ana cin gurasa, ana cin kusan komai, a fara da mai laushi na mako guda. Sai dai akwai bambanci guda da ba ya gushewa. Haƙorin halitta yana rataye ne a cikin ƙashi da wasu siraran zaruruwa masu jijiya, su ke ba shi ɗan lilo, su ke sa baki ya saki nan take in ya ci karo da tsakuwa. Dashe ba shi da su, ƙarfe ne manne da ƙashi, saboda haka ba ya jin nauyin da ke kansa sai ya yi yawa. Abin da kan biyo baya shi ne tangaran ɗin haƙorin da aka ɗora ya ɓalle, ko ƙaramar ƙusar da ke riƙe da shi ta sassauta ko ta karye. Fasa ƙashi, gwaguyar goruba, tauna ƙanƙara, ɓare rake da buɗe kwalba da haƙori sun fita ke nan har abada a wannan ɓangaren. Rake a fere a yanka gunduwa ƙanana, goro a yanka da wuƙa sirara-sirara. Kilishi da ƙuli in an ci, a bi kewayen dashen da zaren sakace ko ɗan burushin tsakanin haƙora a daren, domin dasashin da ke kewaye da ƙarfe bai kai na haƙorin halitta riƙo ba, kuma kumburinsa yakan ci ƙashi ba tare da ciwo ba. Shi ya sa ake komawa a duba duk wata 6, a ɗauki hoto lokaci-lokaci a gwada tsayin ƙashin da na ranar da aka ɗora haƙorin.